Gambar da Ta Ga Kowane Mulki

Na dawo daga Maroko bayan shekara bakwai, da akwati guda da takardu biyu. Abin da na karanta shi ne yadda mutane suka mulki junansu tun farkon tarihi. Aka ba ni aji a wani kwaleji a yankin Hawandawaki, ina zuwa da moto, wato babur, daga garinmu, Tsamiyar Kura. Yara na kirana Mushe Abdulaziz, yadda ake kiran malami da Faransanci. A gida ma sai suka ɗauka, amma su da dariya a bakinsu.

Kwana uku da dawowata, mahaifina Na Allah ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ce in zauna in faɗa masa abin da na je nema. Shekarunsa sun kusa tamanin, idanunsa sun yi fari.

Na faɗa masa. Akwai mulkin mutum guda, wanda ɗa ke gadon uba, kamar na Fir'auna. Akwai na ƴan tsiraru, masu dukiya ko masu takobi. Akwai na jama'a, wanda Girkawa suka gwada a birni guda, suka bar mata da bayi a waje. Na ambaci Rumawa da majalisar dattawansu, da halifofin Bagadaza, da ƙasashen da jam'iyya guda ta haɗiye kome har gonaki.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "To, cikinsu wanne ne ba ya karɓar hatsi?"

"Babu, Baba."

"Ashe ba ka yi nisa ba."

Shi ma yana da nasa lissafin. Sarki ya karɓi damma a hannun kakana. Nasara ya karɓi kakan nawa shi kansa, wata huɗu yana fasa hanya, daga baya Nasaran ya ce a shuka gyaɗa. Jam'iyya guda ta zo ta ce kowa ya riƙe kati. Soja ya zo ya ce samari su fito aikin gayya. Da aka ce mulki ya koma hannun jama'a, sai motoci suka riƙa zuwa da sukari da atamfa, su tafi da ƙuri'a, ba a sake ganinsu sai shekara biyar. Tsakanin wannan da wancan soja yakan leƙo, ya zauna, ya tafi.

"Duk sun shuɗe ta gaban gambar can," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa ta."

Gambar da yake nufi ita ce iyakar gonarmu ta gabas. Kakana da mahaifin maƙwabcinmu Tanna suka dasa ta tare, shekarar da kakana ya dawo daga aikin hanya. Layi ne na dogon haki, kusan taki ɗari uku, a karkace kamar sawun maciji. Bayanta gonar gidan Tanna, gabanta tamu. A ɓangarenmu akwai kwari inda ruwa ke kwanciya, da gawo guda a tsakiyarsa. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, jigawa takan ba mu kara kawai, kwarin nan ne ke cika rumbu. Baki goma sha huɗu ke ci daga gare shi.

Idan kaka ta yi, akan yanke gambar a yi zana da jikin rumbu. Shekara guda mu, shekara guda gidan Tanna. Ba a rubuta wannan ko'ina ba. Tun da idon Baba ya fara tafiya, da ita yake zagaya gonarsa. Yakan bi gefenta, hannunsa na hagu yana shafar kanta, har ƙarshe, ya dawo.

A ranin da ya biyo bayan dawowata, wani furoje na Turawa, irin shirin nan na taimakon manoma, ya shigo yankinmu da farar mota. Suna auna gonaki su ba manoma takarda, kyauta. Na ce wa Baba mu yi.

"Gonar tana da shaida," ya ce.

"Haki ba shaida ba ne a gaban alƙali. Ƙasar da ta ci gaba, doka ce ke tsare talaka, ba ciyawa ba."

Yayata Hafsatu, da ke aure a nan cikin gari, tana surfe a gefe. Ta tsayar da taɓarya ta ce, "Baba, ka ba shi. In ba ka ba shi ba, shina nan shina yi muna lakwal, kamar mu ƴan ajinshi ne, har magariba."

Ya miƙo babban yatsansa, na dangwala a takarda.

Mai awo ya zo da na'ura a hannu. Ya bi gambar yana danna lambobi, aka kafa turakun siminti biyar: biyu a kusurwoyi, uku inda layin ya fi karkata. Ya ce lambobin suna cikin na'ura, daga sama ake karanta su, ko an shekara dubu ba za su motsa ba. Takarda kuma za ta fito da zarar magajin gari ya sa hannu. Da zai shiga mota ya dubi gambar ya ce yanzu aikinta ya ƙare, sai dai ta tara ɓeraye ta ci fili.

Na auna da kaina. Taki biyu a faɗi, ɗari uku a tsawo. Fili ne da zai ba da damma.

Sati biyu bayan haka Hafsatu ta kai Baba Tasawa a duba idonsa. Suna tafiya na kira ƴan ƙwadago huɗu. Ba zan ce don damma kawai na yi ba. Shekara bakwai ana aiko mini da labarin gida ban ɗauki hauya ba, ina so a ga hannuna a wani abu. Muka haƙe gambar har saiwa, domin na san in an bar saiwa za ta dawo. Muka tara, muka ƙone, na sa aka bi wurin da garmar shanu. Aikin kwana biyar. Na yi shi da kyau.

A rana ta biyar Tanna ya zo a kan jakinsa. Tsoho ne sa'an Baba, tare aka yi musu kaciya. Ya daɗe yana duban toka.

"Ɗan Na Allah, ka aske ma gona gemu."

"Ga turaku nan, Baba Tanna. Siminti ne."

"Na gani." Ya juya jakin. "Bana mu ke da yanka."

Ban sani ba. Ban kuma tambaya ba.

Baba ya dawo ba tare da sauƙi ba. Likita ya ce ba yana ce kawai ba, jijiyar idon ta riga ta mutu. Washegari ya ce a kai shi gona. Ya tsaya a turken kusurwa, ya miƙa hannun hagu, ya laluba iska. Ya sake lalubawa ƙasa kaɗan. Na fara yi masa bayani. Ya ɗaga hannu, na yi shiru. Ya ce Hafsatu ta mai da shi gida. Bai zage ni ba, a ranar ko bayanta.

Damina ta sauka. Muka shuka har kan tsohon layin. Ƴan tsiron gamba suka leƙo nan da can, na bi su da hauya a noman farko da na biyu. Gero yana gab da fitar da kai sai rediyo ya ce soja sun karɓi mulki. Kafin girbi Turawan furoje suka kwashe. Mai awo ya tafi da na'urarsa, lambar tarhonsa ta daina shiga.

Na je biron magajin gari, wato ofishinsa, sau shida. Takardarmu tana cikin tulin da ke jiran sa hannu. Sakatare ya ce in yi haƙuri, ana jiran a ga yadda abubuwa za su zauna. A zuwa na bakwai na tarar an rushe majalisun garuruwa, an cire magajin gari, an naɗa sabon shugaba. Tulin takardun an ɗaure shi da igiya an kai wani ɗaki. Mai makullin ɗakin ya yi tafiya.

A makon nan darasin da ya faɗo a ajina shi ne bambancin jamhuriya da mulkin soja. Na rubuta a allo, yara suka kwafa, aka kaɗa ƙararrawa.

Tanna ya rasu a tsakiyar rani. Baba ya yi masa salla yana dafe da kafaɗata. Bayan sadakar arba'in ɗansa Cha'ibu ya iso. Shekara tara yana Aljeriya yana aikin gini, aka kwaso su da sauran ƴan cin rani a mota aka zube a bakin iyaka, ya shigo gari da rigar jikinsa. Ya gaji gona, da matan gida, da marayun ƙanensa, da rumbu mai jiki ruɓaɓɓe, don ba a sami gambar gyara shi ba.

A bazarar nan iska ta yi ƙarfi. Da, gamba ce ke tare rairayi, har ya taru a gindinta ya zama ɗan tudu. Yanzu ba abin da ya tare shi. Ya kwararo cikin kwarin, ya cike bakinsa na gabas, ƙasa ta baje kamar an shafe ta da tafin hannu. Da na je dubawa, turakun kusurwa suna nan. Na tsakiyar guda uku babu su. Ko rairayi ya binne, ko wani ya tone, ban sani ba. Na soka sandar ƙarfe kwana biyu ban taɓa siminti ba.

Da hadari ya fara haɗuwa, Cha'ibu ya je ya kafa kara a gindin gawo, ya ce nan ce iyaka.

Maigari Almustapha ya tara mu a gonar da hantsi. Cha'ibu ya durƙusa ya gai da Baba kafin ya yi magana.

"Baba Na Allah, ba rashin kunya na zo yi ba. Ina yaro, in mun gaji da noma, gindin gawon nan muke zama, gamba tana sosa mini baya. Haka na sani."

"Ƙarya ne," na ce. "Gambar tana bayan gawon da taki arba'in."

"Arba'in, Mushe? Ka auna?"

"Wajen arba'in."

"Waje." Ya dubi mutane. "Shekara bakwai a ƙasar Larabawa, an dawo muna da waje. To ina gambar? A nuna mini in yi shiru. Ta ubanka ce kai kaɗai da ka cinna mata wuta?"

Maigari ya kira shaidu. Wani ya ce taki ashirin. Wani ya ce ya taɓa ɗaure jaki a gawon, igiyar ta kai gamba, amma bai tuna tsawon igiyar ba. Ƴan ƙwadagon da na sa aiki, biyu sun tafi cin rani ba su dawo ba, biyu suka ce su ƙasa suke dubawa. Mutum guda da ya san layin kamar Baba shi ne Tanna.

Na fito da kwafin takardar furoje. Maigari ya juya ta gaba da baya.

"Akwai hatimi?"

"Ranka ya daɗe, ana jiran sa hannu."

"Na wa?"

Ya miƙo mini abata.

"Gamba ba ta ƙarya," ya ce. "A bar wurin ba shuka. In ruwan farko ya sauka, a ba ta kwana goma. In da sauran rai a saiwarta za ta tashi ta faɗi gaskiya."

Ruwa ya sauka ranar Laraba. Gari duka ya fita da sungumi, aka shuke ko'ina sai kwarin. Kowace safiya kafin in hau moto ina zuwa in duba. Ƙasa baƙa, jiƙaƙƙiya, ba kome a kanta, gonakin gefe suna yin kore. Hafsatu ta daina yi mini ba'a, abin ya fi ba'ar ciwo.

A kwana na goma muka ƙirga tsiro tara. Huɗu can gabas, uku kusa da gawo, biyu ma a cikin inda kowa ya yarda namu ne. Garma ta ja guntayen saiwa ta watsar. Ba layi.

"Saura rantsuwa," in ji maigari.

A wajenmu, idan shaida ta ƙare, mai gona yakan yi alwala, ya rungumi Alƙur'ani, ya taka iyakarsa daga kusurwa zuwa kusurwa a gaban jama'a. Inda ƙafarsa ta bi, nan ce iyaka, ba a sake magana. Kowane taki rantsuwa ne. Wanda ya ci taki guda na wani, an ce ba ya ganin kaka uku, ko ya gani da kuturta. In wanda aka fara ba wa ya kasa, sai a ba abokin gardamarsa.

Aka fara ba Baba, don shi ne babba kuma wurin yana hannunsa. Liman ya zo da Littafin a cikin gafakar fata. Hafsatu ta zuba wa Baba ruwa ya yi alwala. Na kai shi turken arewa, na juya fuskarsa kudu. Ba a yarda kowa ya riƙe shi ba.

Ya rungumi gafakar da hannun dama. Ya yi bisimilla, ya taka. Taki biyar na farko ya yi su kamar mai gani. A na shida hannunsa na hagu ya sauka da kansa yana neman kan haki. Ya ci gaba a hankali. Na ƙirga goma sha ɗaya. Nan tsohon layin ke fara lanƙwasa zuwa gabas, na san wannan, amma nawa, ban sani ba. Baba ya ɗaga ƙafa, ya riƙe ta a sama, ya mai da ita inda take.

Wata akuya tana kuka daga nesa.

"Liman, zo ka karɓa," in ji Baba.

"Baba," na ce, "ka san kwarin naka ne. Kowa nan ya sani. Ka yi gabas ka miƙe kawai."

"Na san nawa ne. Ba a tambaye ni nawa ne ba. An ce in taka." Ya miƙa gafakar. "Ba ni sayen hatsi da wanga."

"To a ba ni. Ni zan ɗauka."

Wasu suka yi guna-guni. Maigari ya dube ni.

"Mushe, kai ka haƙe ta. Ka san inda ta bi, taki bisa taki?"

Kwana biyar na yi a kan layin nan. Na tuna kantar hannuna, da warin hayaƙi, da ɓeran da ya fito aka bi shi da sanda. Na duba filin. Rairayi ne shimfiɗe. Zan iya ɗauka in yi tafiya, in ce taki arba'in, wataƙila in ci biyar na wani, wataƙila in bar biyar namu. A Rabat na rubuta shafi talatin a kan yadda irin wannan rantsuwa take aiki don mutane suna tsoro ne kawai. Hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Baba ne ya amsa a madadina. "Bai sani ba, ranka ya daɗe. Lamba aka ba shi, mai lambar ya tahi."

Cha'ibu ya yi alwala. Ya karɓi Littafin. Ko ya yarda da abin da ya tuna yana yaro, ko yunwar gidansa ce ta tuna masa, wannan tsakaninsa da Allah. Ya taka daga turken arewa, bai lanƙwasa gabas ba, ya miƙe zuwa gawon. Da ya iso gindinsa ya ɗan tsaya, sannan ya zagaye shi ta ɓangarenmu da taki guda, ya wuce har turken kudu. Gawon da zurfin kwarin suka faɗa bayansa. Aka bar mana leɓen yamma, inda ƙasa ta fara yin ja.

Liman ya shafa fatiha. Mutane suka watse, kowa yana da noma.

Na ce zan kai ƙara Tasawa. Baba ya ce in kai, in na sami alƙalin da zai daɗe a kujerarsa har a gama shari'ar. Sannan ya ce Hafsatu ta je gonar mijinta ta ce a haƙo mana gamba, amalanke guda, da saiwarta.

"Yau, tun sawun bai goge ba. In aka yi ruwa bisa sawun nan, baɗi wata gardama ce."

"Baba, in muka dasa, mun yarda ke nan."

"An rantse, Abdu."

Da la'asar amalanken ya iso. Al'ada ta ce gida biyu ke dasa iyaka, don haka Cha'ibu ya zo da kwashensa. Shi yana haƙa rami a kan sawun ƙafarsa, ni ina sa tushe ina taka ƙasa. Taki ɗari uku ba wanda ya ce wa wani sannu. Baba yana zaune a gindin gawon, wanda ya zubar da ganye kamar yadda yake yi kowace damina, ba inuwa. Cha'ibu bai ce masa ya tashi ba.

Da muka zo daidai inda yake, ya ji motsinmu.

"Cha'ibu."

"Na'am, Baba."

"In ta yi girma, yankan farko naku ne. Muna riƙe muku da shekara guda."

Cha'ibu ya ce to, bai ɗago kai ba.

Daminar ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku lokacin da gero ke neman fitar da kai. Jigawa ta ba mu kara. Leɓen kwarin ya ba mu abin da ya iya. Muka ɗaure damma sittin da biyu, inda muka saba ɗaure ɗari da wani abu. Tun kafin sanyi ya wuce Hafsatu ta fara auna hatsi da ƙaramin kwano, tana ƙara ganye a tukunya. Ƙannena biyu suka tafi kudu neman aiki.

Har yanzu ina koyar da darasin. Yana cikin manhaja, kowace shekara a zango na biyu. Wata rana wata yarinya, Munira, ta ɗaga hannu ta tambaye ni wanne ya fi cikin dukan mulkokin da na rubuta a allo. Na ce wannan ba ya cikin abin da za a tambaye su a jarrabawa.

Baba ya daina zuwa gona. Sau ɗaya ya sa na kai shi, bayan girbi. Ya tsaya a turken arewa ya sauke hannun hagu, bai taɓa kome ba, sai da ya sunkuya har ƙasa sannan ya ji kan tsiron. Ya miƙe da ƙyar.

"Saura nawa ta kai hannu?"

"Damina biyu, in an samu ruwa."

Ya riƙa motsa yatsunsa. Na san abin da yake ƙirgawa, ko kwanansa zai kai damina biyun, ni ma shi nake ƙirgawa. Ya ɗora hannu a kafaɗata, muka juya gida.